Allah Ya Fara Ba Iliya Abinci

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18

Akwai wata tambaya da ke damun masu bi da yawa, ko da yake kaɗan ne suke furta ta. Idan mutum ya yi wata da watanni zuciyarsa a ƙuntace, barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya shiga, addu'a ma ta gagara, rashin bangaskiya ne ko ciwo ne? Amsar da muka bayar ba ƙaramin abu ba ce, gama ita za ta sa mu tsawata wa ɗan'uwa ko mu raka shi asibiti.

Mu dubi annabi Iliya. A Dutsen Karmel ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, wuta kuwa ta sauko daga sama. Ran nan kuma ya yi gudu a gaban karusar Ahab har Yezreyel. Amma da Yezebel ta aiko masa da saƙon kisa, sai tsoro ya kama shi. Ya gudu zuwa Biyersheba, ya bar baransa a can, ya nausa jeji tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa.

Ya mai karatu, ka lura da abin da Ubangiji ya fara yi. Bai yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci. Sa'an nan mala'ika ya tashe shi, ga gurasa, ga tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya sāke kwantawa. Aka sāke tashinsa ya ci. Sai bayan kwana arba'in, a Horeb, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Wanda ya yi mutum daga turɓaya ya san gajiyayyen jiki ba ya jin magana sosai.

Likitoci sun bayyana mana yadda abin yake. A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta mai fitar da sinadarai biyu, adiranalin da kotizol. Da zarar tsoro ya zo sai su kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, sukari ya ƙaru domin mutum ya sami ƙarfin gudu. Wannan baiwa ce ga wanda ya gamu da maciji a gona. Amma bashi, ko rikicin gida, ko rashin aiki, ba sa wucewa kamar maciji. Idan jiki ya daɗe a cikin shirin gudu, barci yakan lalace, hawan jini ya sami wurin zama, garkuwar jiki ta yi rauni. Karin Magana 17:22 ta riga ta kwatanta farin ciki da magani, ta kuma nuna baƙin ciki yana cin mutum har ƙashi.

Hanyar kuwa biyu ce. Jiki ma yakan ja zuciya ƙasa. Ƙarancin jini yana kawo kasala. Halittar nan ta wuya, wadda kumburinta muke kira maƙoƙo, in ta rage aiki sai mutum ya yi sanyi, ya rasa sha'awar kome. Wata mace bayan haihuwa takan yi ta kuka ba ta san dalili ba, har ta ji ba ta cancanci jaririnta ba. Azumi ba zai ƙara wa irin waɗannan jini ba.

A nan ne nake so mu yi hattara. Da mun ji cewa damuwa tana kawo ciwo, sai mu fara ɗora wa majinyaci laifin ciwonsa. Shekaru da yawa an ɗauka damuwa ce babbar mai kawo gyambon ciki, sai a 1982 likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancinsa, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Mutum nawa aka ce musu su rage tunani, alhali magani suke bukata? Gaskiya ne, Dawuda ya shaida a Zabura 32 cewa ɓoye zunubi ya ramar da shi. Amma shi ya binciki kansa. Abokan Ayuba kuwa wani suka bincika, Allah kuma ya yi fushi da su.

A Horeb, Ubangiji ya bar Iliya ya zazzage kukansa har sau biyu kafin ya gyara masa lissafi: ba shi kaɗai ya rage ba, akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya ba shi aiki, ya kuma haɗa shi da Elisha.

Watakila akwai wani a ikilisiyarku da ya daina zuwa sujada, ya rame, ba ya son magana. Ku je wurinsa da abinci. Ku tambaye shi yadda yake barci. Ku yi addu'a tare, sa'an nan ku raka shi a auna jininsa, ya kuma faɗa wa likita abin da ke zuciyarsa. In kuwa ya ambaci mutuwa kamar yadda Iliya ya yi, kada ku bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira gobe.