Guga, Allura da Carbi: Shin Hidimar Gida Tana Raba Muridi da Ubangijinsa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wani kuka da ake yawan ji a bakin ƴan'uwa idan an naɗe farin ƙyallen wazifa, an tsaya gaisawa a ƙofar zawiya. Wannan ya ce shekara ta juyo bai sauke littafi ko ɗaya ba. Wancan ya ce tun da ruwa ya sauka bai samu zikirin Juma'a cikin jama'a ba sai sau uku. Mata kuwa ba a cika jin nasu kukan ba, don a cikin gida suke yin sa: tsakanin turmi da murhu da wankin yara, yaushe za a ce an keɓe da Allah? A ƙarƙashin kukan nan duka akwai zato guda, cewa ranar mutum kashi biyu ce. Ɗan guntun da aka yi bisa buzu da carbi a hannu, shi ne na Allah. Sauran kuwa hasara ce da ake haƙuri da ita saboda ciki ba ya jira. In zaton nan gaskiya ne, to mafi yawan muridai sun yi hasarar mafi yawan kwanakinsu, kuma wannan ba maganar da za a bari ta wuce ba ce.

A ɗauki gida ɗaya daga cikin gidajen da ke bakin Gulbin Maraɗi, ko a wajejen Galmi. Daga Yuni zuwa Satumba maigida yana gonar hatsi. Kaka ta yi, a yanke, a ɗaure dammuna, a zuba a rumbu. Da iskar hunturu ta taso sai ya koma garka: albasa, tumatir, tattasai, ga zogale a jikin darni. Noman rani ya daɗe a ƙasar nan, amma ya ƙara bunƙasa bayan yunwar 1984, lokacin da gwamnatin Saini Kunce ta matsa wa jama'a su koma ga fadamu da rijiyoyi. Garkar nan ce ta hana magidanta da yawa tafiya bida, ta bar su kusa da ƴaƴansu da zawiyarsu. Uwargida kuma, da sanyi ya gabato, sai ta fiddo ƙullin ƙyallayen da ta daɗe tana tarawa, ragowar yankan tela da tsofaffin zannuwan da suka gaji, tana haɗa su ɗaya bayan ɗaya don yara su samu abin rufa. Bayan isha'i, in gajiya ta bar wani abu, maigida ya buɗe Ahalari ko Ishiriniya, su saurara. Shekara ke nan. Tambayar ita ce: nawa ne rabon Allah a cikinta?

Akwai wanda ya amsa da ƙafarsa. Ya ɗanɗani daɗin zikiri, sai garka ta zame masa kurkuku. Ya bar guga, ya tare a zawiya, yau ziyara can, gobe maulidi can, yana cewa arziki na Allah ne. Gaskiya ya faɗa, arziki na Allah ne. Amma tuwon da yake tararwa in ya dawo da dare, wata baiwar Allah ce ta sayar da akuyarta ko ta soya ƙosai tun asuba kafin ya samu. Tawakkalin da wani ke biyan kuɗinsa, musamman wanda shari'a ta ɗora maka ciyar da shi, ya kamata a sake masa suna. Ibnu Aɗa'illah, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 709 bayan hijira, ya taɓo wannan cuta tun a farkon Hikam ɗinsa, inda ya bambanta wanda Allah ya tsayar a kan sababi da wanda ya tsayar a kan tajridi. Ya nuna cewa mai sana'a da ke kwaɗayin yar da sana'arsa alhali nan aka tsayar da shi, son zuciya ne ya sa rigar ibada. Abin da ya sa cutar ke da wuyar ganewa shi ne mai ita yana jin kansa a sama, kuma mutane suna taya shi.

An tambayi Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Manzon Allah (S.A.W.) yake yi in yana gida. Ta ba da labarin cewa yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. A wata ruwaya ta ambaci yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa. Ba wanda zai ce zuciyar da ta fi kowace zuciya halarta ta rafkana a lokacin da allura ke hannun mai ita. Haka magabatan sufaye suka shahara da riga mai maho, wadda ake kira muraƙƙa'a, har Hujwiri ya keɓe mata babi a Kashful Mahjubi. Ana yawan yabon zuhudun masu sa ta, ba a cika tuna cewa kowane maho da hannu aka ɗinka shi ba, kuma ɗinki yana cin lokaci.

To sai dai akwai amsa ta biyu, ita ma ɓata ce, kuma ta fi yawa a wannan zamani. Mutum ya ji an ce neman halal ibada ne, sai ya riƙe wannan, ya saki lazimi. In an tuna masa ya ce ai ban-ruwa ma zikiri ne. A nan ana bukatar rarrabewa. Akwai zikirin da ba shi da ƙaidi: salati da hailala da istigfari a kan harshe ana jan guga, ana tankaɗe, ana tafiya kasuwa. Wannan ƙofa a buɗe take dare da rana, mai janaba da mai haila ma ba a rufe musu ita ba. Akwai kuma wanda muridi ya ɗaukar wa kansa alkawari ranar da ya karɓi ɗariƙa: lazimin safe da na yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100, da wazifa, da zikirin Juma'a. Wannan yana da sharuɗɗa: tsarki, niyya, suturce al'aura, barin magana sai da lalura. In lazimi ya kuɓuce ana rama shi. Ba a biyan sa da fangalin albasa, kamar yadda ba a biyan bashin hatsi da kyakkyawar gaisuwa. Kuma wanda ya tsara shi ya san akwai manoma a cikin almajiransa, shi ya sa lokacinsa ke da faɗi: na safe, in uzuri ya hana a yi shi da hantsi, yana nan har faɗuwar rana, ana ma iya gabatar da shi tun cikin dare. Wanda zai yi sammako zuwa gona bai rasa hanya ba, sai dai in niyya ya rasa.

Mai haɗa ƙyallaye ta san wani abu game da wannan. Guntayen ba sa zama bargo don an jera su kawai. Sai an yi musu shafi daga ƙasa, zane guda mai ƙwari, an bi da zare an haɗe sama da ƙasa. In ba haka ba, wanki biyu ya isa ya raba su. Haka masu ɗinkin lifidi suke yi, irin wanda ake gani jikin dawakin Damagaram ranar hawan salla: auduga a tsakiya, ɗinki ya ratsa ta layi-layi don kada ta taru wuri ɗaya. Sa'o'in yini guntaye ne, wannan na gona, wannan na kasuwa, wannan na rarrashin yaro. Wuridin da ke farkon yini da ƙarshensa shi ne yake riƙe su. Wanda ya tashi daga lazimi ya nufi garka yana tafiya da wani abu a ƙirjinsa wanda maƙwabcinsa da ya tashi daga barci kai tsaye bai tafi da shi ba, ko da kuwa guga iri ɗaya za su ja.

Sauyin lokutan shekara ma yana da abin da yake koyarwa. Manomin ƙasar nan da lissafi biyu yake rayuwa. Gona tana bin rana: malaman hisabi suna ƙidaya taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya ne kaɗai mai 14, su cika 365, da su ake kirdadon shuka da kaka. Ibada kuwa tana bin wata, kuma shekarar wata ta gaza ta rana da wajen kwana 11. Saboda haka azumi ba ya zama wuri ɗaya; a cikin shekara 33 yakan zagaye damina da bazara da dari, ya dawo inda ya faro. Waɗanda suka yi azumin 2018 da 2019 cikin zafin Mayu sun san abin da ƙishirwa take nufi, ga shi yanzu watan ya gangaro wajen sanyi. Da Allah ya so, da ya ɗaure azumi ga lokacin hutu. Bai yi haka ba. Dattijon da ya kai saba'in ya bauta masa da azumi yana noma, ya bauta masa yana girbi, ya bauta masa yana zaune a inuwa, kuma ba a ce na inuwar kaɗai aka karɓa ba.

Saboda haka kuskure ne muridi ya auna daminarsa da ma'aunin darinsa. Dari lokacin karatu ne: dare ya yi tsawo, rumbu da abinci, yara sun taru kusa da wuta. Wanda ya bar waɗannan darare suka tafi a hira da latsa waya, shi ne ya yi hasara ta gaske, ba wanda ya kasa buɗe Jawahirul Ma'ani a watan Agusta yana tsakiyar maimai ba. Kuma karatun gida ba na maigida kaɗai ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar nan a 1754, ya yi kakkausar magana a Nurul Albabi kan malaman da ke karantar da almajirai a waje, su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, suna morar hidimarsu kawai. Maganar ba ta tsufa ba. Gidan da maigida ke komawa daga zawiya da fa'idoji cike da baki, amma matarsa ba ta san abin da ke ɓata alwala ba, akwai gyara a cikinsa. Sau da yawa abin da ya rage mata lokacin karatu aiki ne da shi ma zai iya ɗauke mata. In ya riƙe yaro na rabin sa'a don ta yi laziminta cikin natsuwa, ba a san wanne ya fi nauyi a mizani ba, nasa carbin ko wannan riƙon.

Amma wani zai ce, kuma yana da hujja: ashe aiki ba ya busar da zuciya? Yana busarwa. Wanda ya yini yana jan ruwa yakan yi gyangyaɗi a wazifa, kuma ƙarya ne a ce halartar zuciyarsa daidai take da ta wanda ya yini a halwa. Ba a musun wannan. Abin da ake musu shi ne a mai da daɗin halarta ma'aunin kusanci. Daɗin nan kyauta ce, yana zuwa yana tafiya, kamar yadda mutanen hanya suka yi bayanin ƙunci da yalwar zuciya. Akwai ma'aunin da ya fi shi gaskiya, kuma garka ce take fito da shi. Albasa takan nuna kusan lokaci ɗaya a ko'ina, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Mai hali ya ajiye tasa yana jiran ta yi daraja, wani lokaci zafi da laima su ruɓar da rabinta. Wata shekara tsutsa ce, wata shekara rijiya ce ke janyewa kafin a cire. Ranar da wahalar wata huɗu ta tafi a banza, ranar ake sanin inda zuciya take tun farko. Wani ya yi baƙin ciki, don ɗan Adam ne, sannan ya yi alwala ya zauna ga laziminsa na yamma kamar jiya. Wani kuwa ya huce a kan matarsa, ya ƙaurace wa zawiya wata guda, kamar yana da bashi a wurin Ubangiji ba a biya shi ba. Na biyun nan, ko a zawiya yake kwana, cinikayya yake yi.

Imamu Ahmad ya ruwaito daga Anas, Allah ya ƙara masa yarda, umarnin Annabi (S.A.W.) cewa wanda tashin ƙiyama ya riske shi da ɗan dashen dabino a hannunsa, in zai iya dasa shi kafin ta tsaya, to ya dasa. Dabinon nan ba mai cin sa. Ba kasuwa, ba magada, ba gobe. An cire duk wata riba daga cikin aikin, aka bar umarni kaɗai da wanda ya yi umarnin. A Buhari da Muslim kuma an ruwaito cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Wannan ba ya nufin a bar darni a buɗe don awakin maƙwabta. A gyara darni, abin da ya tsallake bayan an gyara shi ne aka rubuta.

Yanzu a gidan can bazara ta shigo. An cire albasa, an sayar da wadda aka sayar. Uwargida ta wanke bargon ƙyallaye, ta shanya, ta linke ta sa a adaka, ta lura gefe ɗaya ya fara zarewa, sai dari mai zuwa in da rai. Maigida ya sauko da zangarniyar hatsin da ya ware tun kaka don iri, yana duba ko ƙwari sun taɓa ta. Littafin da suke karantawa bai ƙare ba, an sa tsinke a inda aka tsaya. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta watsa shi, ko ɗigo bai sauka ba. Ya shimfiɗa buzunsa a gindin bedi, ita kuma ta sauke tukunya ta ɗauko buta.