Imanin Koci da Haƙƙin Yaron da Ke Ƙarƙashinsa

 Ya 'yan'uwana a cikin imani, akwai wata gardama da ake tafkawa a Amurka kan wani wasa da yawancinmu ba mu taɓa zama mun kalla ba, amma abin da ke cikinta ya shafi duk wanda Allah ya ɗora a kan wasu.

Wasan shi ne ƙwallon nan tasu da ake runguma a ruga da ita, 'yan wasa sanye da hulunan kwano suna bangazar juna. A jami'o'insu wannan wasa ya wuce nishaɗi. Ranar Asabar filin Jami'ar Mishigan kan ɗauki mutum sama da 100,000, kuma a jihohi da dama albashin kocin jami'a ya ninka na gwamna sau da yawa. Dabo Swinney, wanda ke horar da ƙungiyar Jami'ar Clemson a Karolina ta Kudu tun 2008, ya ci kofin ƙasa na kakar 2016 da ta 2018, sannan a 2022 ya sa hannu a kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 115. Kirista ne da ba ya ɓoye addininsa ko kaɗan. A 2012 an kawo kwatarniyar ruwa filin atisaye aka yi wa ɗaya daga cikin taurarinsa, DeAndre Hopkins, baftisma a gaban sauran 'yan wasa. A 2014 wata ƙungiya mai fafutukar raba addini da harkokin gwamnati, Freedom From Religion Foundation, ta kai ƙorafi cewa Clemson jami'ar gwamnati ce, ba majami'a ba. Jami'ar ta amsa cewa ba wanda ake tilasta wa, duk mai shiga da son ransa yake shiga. Irin wannan ƙorafi ya bi koci Deion Sanders a Jami'ar Kolorado a farkon 2023, ya kuma bi koci Hugh Freeze na Jami'ar Auburn a watan Satumba na 2023, bayan ya shiga ruwa ya taya yi wa wani ɗan wasansa baftisma.

Tambayar da suke yi ita ce: ya kamata koci ya bayyana imaninsa a bainar jama'a, ko ya bar shi a gida ya zo fili da usur kawai?

Amsata ta farko ba ta da kwana-kwana. Kada mumini ya yarda a mayar da imani abin kunya. Mutum ba ya tuɓe imaninsa a ƙofar fili ya sake sa shi in an tashi. Ku tuna Sayyidina Abubakar a Makka. Bukhari ya ruwaito cewa ya gina ɗan wurin salla a farfajiyar gidansa, yana karatun Alƙur'ani a fili yana kuka, har mata da yaran Ƙuraishawa suka riƙa tsayawa suna saurare. Da aka ce ko dai ya koma cikin ɗaki ko a janye masa kariyar da wani mutum mai suna Ibnu Dagina ya ba shi, sai ya mayar wa mutumin kariyarsa ya zaɓi ta Allah. To, ta yaya mu da muke karanta wannan za mu goyi bayan masu cewa a kulle bakin duk mai ambaton Ubangijinsa a gaban jama'a?

Kada kuma wani Musulmi ya ce ai rigimar Kiristoci ce, ba ruwansa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A watan Satumba na 2014 Husain Abdullah, Musulmi ɗan wasan Kansas City Chiefs wanda ya ajiye wasa na kakar 2012 gaba ɗaya ya tafi aikin Hajji, ya cafke ƙwallon da Tom Brady na ɗaya ɓangaren ya jefa, ya ruga ya ci, sannan ya faɗi ya yi sujada. Alƙalin wasa ya hukunta ƙungiyarsa da yadi 15. Washegari hukumar gasar ta fito ta ce bai kamata a hukunta shi ba, domin ba a hukunta mai durƙusawa don ibada. Abin da ya taimake shi kuwa, an riga an saba ganin 'yan wasa Kiristoci suna durƙusawa suna addu'a ba a taɓa su ba. Da a ce an riga an share ambaton Allah daga fili baki ɗaya, da sujadarsa ba ta sami mai kare ta ba.

Sai dai ku lura da wani abu a labarin Abubakar. Waɗanda suke tsayawa suna saurarensa, babu ko ɗaya da abincinsa ke hannunsa. Mai so ya tsaya, mai so ya wuce, ba abin da zai rasa. A nan ne koci ya bambanta da ɗan wasa, kuma a nan nake so mu daɗe.

Yaro ɗan shekara 18 ya baro gidansu, wataƙila shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a. Kuɗin makarantarsa da ɗakin kwanansa da abincinsa duk sun rataya ne a kan tallafin karatun da wasan ya samo masa. Burinsa ya kai ga babbar gasar ƙwararru, alhali waɗanda ke kaiwa can ba su kai biyu cikin ɗari ba, kuma ba a ɗaukar wanda ba a gani a fili ba. Wa ke yanke wanda zai shiga fili ranar Asabar da wanda zai ɗumama benci? Koci. Wa masu neman 'yan wasa ke tambaya game da halin yaro? Koci. To, wannan mutumin in ya ce za a yi addu'a, wanda ya ga dama ya matso, me kuke zato yaron nan yake ji? Mu Hausawa mun san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yaron shago da maigida ya ce masa in ya ga dama ya raka shi wuri kaza, ya san ba zaɓi aka ba shi ba. Ko da kocin ya faɗi maganarsa da zuciya ɗaya, ikon da ke hannunsa yana ƙara wa maganar nauyin da shi kansa ba ya ji.

Wannan ba zato ba ne. Shari'ar da ta fi shahara a kan wannan batu ta taso ne daga makarantar sakandare ta Bremerton a jihar Washinton, inda mataimakin koci Joseph Kennedy ya saba durƙusawa a tsakiyar fili bayan wasa, har yara suka riƙa kewaye shi. An dakatar da shi a 2015. A ranar 27 ga Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya, alƙalai 6 suka rinjayi 3, bisa cewa kundin tsarin mulki ya kare addu'ar da mutum ya yi don kansa ko da ma'aikacin gwamnati ne. Na yi murna da wannan hukunci. Amma a cikin takardun shari'ar akwai koken wani uba da ya ce ɗansa, wanda bai yarda da addini ba, ya ji dole ya shiga addu'ar don tsoron kada a rage sa shi a wasa. Kotu ta yanke abin da doka ta halatta. Abin da ya faru a zuciyar wannan yaro kuwa, wata kotu ce za ta duba shi, ranar da babu lauya.

In kun ce wannan yaro ba namu ba ne, ga namu. A 2006 wasu 'yan wasa Musulmi suka kai Jami'ar New Mexico State da kocinta na lokacin, Hal Mumme, ƙara. Sun yi zargin cewa ana sa ƙungiya karanta addu'ar Kirista bayan atisaye da kafin wasa, kuma an ware su an sallame su saboda addininsu. Kocin ya musanta. A 2007 aka sasanta kan dala 165,000 ba tare da jami'ar ta amsa laifi ba. Allah ne masanin gaskiyar abin da ya gudana. Amma ka sa kanka a matsayin mahaifin ɗaya daga cikinsu: ɗanka da ka koya wa Fatiha da bakinka yana tsaye cikin da'irar mutum ɗari, kowa ya sunkuyar da kai, shi kuma yana lissafin abin da zai rasa in ya ja da baya.

Yadda zuciyarka ta sosu yanzu, haka ta uban kowane yaro take sosuwa, ko da wane addini yake bi. Musulunci bai bar mu cikin duhu ba a nan. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa aya ta 256 ta Suratul Baƙara, wadda ta hana tilasta wa mutum shiga addini, ta sauka ne kan wasu 'ya'yan mutanen Madina da suka tashi a hannun Yahudawan Banu Nadir, iyayensu suka so riƙe su da ƙarfi lokacin da aka fitar da ƙabilar. Uba ne fa da ɗan cikinsa aka hana. Ina ga wanda aka ba amanar 'ya'yan mutane don ya koya musu wasa? Masu tafsiri sun kuma kawo cewa Sayyidina Umar yana da bawa Kirista, ya kira shi zuwa Musulunci ya ƙi, bai matsa masa ba, daga baya ma ya 'yanta shi. Umar bai ɓoye imaninsa ba, bai fasa kira ba, amma bai sa ikonsa a kan sikeli ba. Imanin da aka yi don tsoron benci ba ya kaiwa sama, munafunci kawai yake koya wa yaro, kuma wanda ya koya masa yana da kaso a zunubin.

Akwai haɗari na biyu, shi kuma yana cikin ƙirjin kocin kansa. A kudancin Amurka, inda majami'u suka fi ƙarfi, sunan mai tsoron Allah yana buɗe ƙofofi. Kocin da ya shiga falon wata uwa yana neman ta ba shi ɗanta, ya san ambaton Ubangiji zai kwantar mata da hankali fiye da ambaton kofi. Ba na ɗora wa kowa a cikin waɗanda na ambata mugun nufi, domin ba a ba ni mabuɗin zuciyar kowa ba. Ina dai faɗin abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji mana tsoro: riya, wadda ya kira ƙaramin shirka. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa waɗanda za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama su ne wanda aka kashe a fagen fama, da malami makarancin Alƙur'ani, da mai yawan kyauta, duka ukun a jefa su wuta don sun yi ne a yabe su. Kiristocin ma Linjilar Matiyu ta gargaɗe su kan yin addu'a a kan hanya don mutane su gani. Duk wanda kyamara ke bin sa, ya tambayi kansa: addu'ar da nake yi a tsakiyar fili, ina yin irinta cikin dare in ba kowa? Ina gode wa Allah ranar da aka lallasa mu kamar yadda nake gode masa ranar da muka ɗaga kofi? Yaran ɗaya ɓangaren ma bayin Allah ne, su ma iyayensu mata sun kwana suna roƙo.

To yaya imanin shugaba zai fito fili ba tare da ya danne kowa ba? A Dearborn ta jihar Mishigan, makarantar Fordson yawancin ɗalibanta Musulmi ne. A 2010 azumi ya faɗo cikin zafin Agusta, daidai lokacin atisayen share fage. Kocinsu, Fouad Zaban, ya mayar da atisaye cikin dare, daga ƙarfe 11 zuwa 4 na asuba, don yara su sami damar shan ruwa suna gudu, su yi sahur, su riƙe azuminsu. Duniya ta ga addininsa ƙarara, kuma ta gan shi ne ta hanyar sauƙin da ya kawo wa yara. Wannan shi ne tafarkin da aka koya wa Mu'azu ɗan Jabal ranar da ya tsawaita sallar isha'i har wani manomi da ya gaji ya fice daga sahu: Annabi bai tsawata wa manomin ba, limamin ya tsawata wa.

Saboda haka, kai koci, a Clemson kake ko a wani filin ƙasa a Kano, da kai shugaban makaranta, da ke shugabar ma'aikata: in an tambaye ka abin da ke riƙe da kai, faɗi sunan Ubangijinka ba tare da in-ina ba. In lokacin salla ya yi, tashi ka yi a gaban kowa. Amma in addu'ar taro ce, bar yaran su shirya abinsu, kada ka tsaya kana ƙirga kawuna. Kada ka haɗa ibada da jadawalin da doka ta wajabta wa kowa halarta. Ka faɗa da bakinka, ka kuma nuna a aikace, cewa wanda bai shiga ba ba zai rasa komai ba, har ya zama yaron da bai taɓa zuwa addu'arka ba yana iya zama kyaftin in ya cancanta. A wurare da yawa na ƙasarmu mu ne masu rinjaye, kuma akwai ɗan Kirista ɗaya ko biyu a ƙungiyar, a ajin, a ofishin. Haƙƙin da muke nema wa ɗanmu a New Mexico, shi ake bin mu bashinsa a gida, kuma kowane makiyayi za a tambaye shi abin kiwonsa.

Ku kuma iyayen da Allah ya kai 'ya'yanku karatu Amurka har wasa ya buɗe musu ƙofa, kada ku guji koci don kawai Kirista ne mai riƙo da addininsa, domin sau da yawa mai ibada ya fi saurin fahimtar mai ibada. Ku zauna da shi kafin a sa hannu a kowace takarda. Ku tambaye shi ko zai saki yaron ya je Juma'a, yadda zai yi da shi in azumi ya zo, abin da za a ba shi ya ci a sansani, da inda zai tsaya in sauran sun durƙusa. Sannan ku nemi wani ɗan wasa Musulmi da ya taɓa zama ƙarƙashinsa, ku ji daga bakinsa.