Sabuwa Ce, Daga Jirgi Take

A Takieta idan mutum ya sayo mota aka tambaye shi lafiyarta, amsar da ta fi kwantar da hankali ita ce: "Ai ba ta yi aiki a nan ba, daga jirgi take." Wasu ma kai tsaye sukan ce sabuwa ce, alhali motar ta girmi wasunmu da ke karanta wannan takarda. Ni da nake karatun kimiyyar harshe, wannan kalma ta "sabuwa" ta daɗe tana yi mini ƙaiƙayi. Ku duba sauran sunayen da aka laƙa wa irin waɗannan motoci. A Kano da Katsina ana ce musu ƴan Kwatano ko Beljiyam. Masu faransanci na cewa France au revoir, wato motar ta yi ban kwana da Faransa. Yarbawa na cewa tokunbo, wanda asalinsa sunan yaro ne da aka haifa a ƙetaren teku aka dawo da shi gida. Kowane suna yana faɗin inda motar ta fito. Babu ko ɗaya da ke faɗin abin da ya same ta can.

Tafiyar tata kuwa doguwa ce. A birnin Burusel na Beljiyam akwai wani titi mai suna Heyvaert, inda dillalai ke tara tsofaffin motoci daga ƙasashen Turai dabam-dabam. Daga nan sai tashar jiragen ruwa ta Anbes, a shigar da su wani jirgi mai hawa-hawa kamar bene, wanda ke haɗiye dubban motoci a tashi guda. Mai iya tafiya a tuƙa ta ciki, wadda ta ƙi tashi a ja ta, a ɗaure ƙafafunsu da bel. Sau da yawa cikin motar ma an cusa firiji da katifa da talabijin. Bayan mako biyu zuwa uku a ruwa sai Kwatano, sannan a kamo hanyar Malanbil, a ƙetare gada zuwa Gaya, a bi Doso, Kwanni, Maraɗi, Tasawa. Kafin ta iso mahaɗar Takieta ta ci fiye da kilomita 1,500 da ƙafarta. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 da aka rufe iyakar Binin, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru.

A 2020 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo. A wannan shekarar masu binciken gwamnatin Holan sun duba waɗanda ake lodawa daga ƙasarsu zuwa Afirka. Suka tarar yawancinsu sun kai shekara 16 zuwa 20, kuma da yawa ba su da takardar bizit mai aiki. Wasu an yanke musu tukunyar tace hayaƙi, domin akwai ƙarafa masu tsada a cikinta. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, tun 2017 birnin Anbes ya hana motoci masu yawan hayaƙi shiga tsakiyar gari don kare huhun mutanensa. Motar da aka hana ta shiga gari, ba wanda ya hana ta shiga jirgi a tashar garin.

To ga tambayar da nake so mu tauna. Wanda ya san aibin abu, shin wajibin faɗar aibin yana sauka daga kansa idan mai sayen yana nesa?

Mu a nan mun san amsar wannan a kasuwar dabbobi. Ka je sayen sa ko jaki, ka buɗe baki ka duba haƙora, ka sa a tafiyar da shi ka gani. Dillali yana tsaye, ya san mai dabbar, ya san ƙauyensu. La'adar da yake karɓa kuɗin sunansa ne, domin in ta bayyana an ɓoye ciwo, gobe ranar kasuwa ce kuma za a same shi a inda ya saba zama. Ko fataken da ke kawo kayan Tarabulus zuwa Damagaram a zamanin Sarki Tanimun, watanni suke yi a hamada, amma cinikinsu a kan bashi da wasiƙa da sanin juna yake tafiya, wanda ya ci amana sau ɗaya sunansa ya riga raƙuminsa isowa.

Cinikin mota ta jirgi ya tsinka wannan igiya. Baturen da ya tuƙa ta ya san ta taɓa yin haɗari, ya faɗa wa wanda ya saya, aka rage masa kuɗi. Wannan ya sayar wa mai fitarwa ba tare da an tambaye shi ba. Mai jirgi nauyi da girma kawai ya auna. Na Kwatano ya wanke ta, ya goge. Duwan ta karɓi harajinta. Hannu shida ko bakwai, mai yiwuwa babu wanda ya yi ƙarya da bakinsa, amma gaskiyar ta zube a hanya kamar gero a ɓulallen buhu. Wanda ya fi kowa rashin sanin motar shi ne wanda zai zuba iyalinsa a ciki. A ganina shirun da aka tsara don ya amfani mai sayarwa, sunansa ha'inci, ko mutum nawa aka raba wa shi.

Wani abokina da muke musun nan ya ce da ni: "Kai, ka cika falsafa. In ba waɗannan motocin ba, da me za a kai mai naƙuda asibiti Damagaram cikin dare? Wa ke da kuɗin sabuwa fil?" Gaskiyarsa. Kilomita hamsin ɗin nan da ke tsakaninmu da birni, tsofaffin Hiace da Corolla ne ke cike su kullum, su ke ciyar da direba da karen mota da makanike da mai faci. Shi ya sa ban gamsu da masu cewa a hana tsofaffi kwata-kwata ba. A 2020 ƙasashen CEDEAO sun amince a ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita. Amma talakan da aka hana wa mai shekara 15 ba zai sayi mai shekara 5 ba, zai ci gaba da lallaɓa mai shekara 30 da ke hannunsa. Tsufa ba laifi ba ne. Gwanjo muke sawa, mun san gwanjo ne, mun ɗaga shi a rana mun ga inda ya yage kafin mu biya. Birki da jakar iska kuwa ba a ɗaga su a rana.

Kada kuma mu ɗora komai a kan Turawa mu koma gefe muna tsaki. Ba kowace motar da ta shigo Nijar ce take zama ba. Da yawa kudu suke karkatawa zuwa Najeriya, ko bayan da ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017. Mu ma ƴan tsakiya ne ke nan, kuma shirun da aka yi mana shi muke miƙa wa na gaba. Akwai masu mayar da mitar kilomita baya a garejinmu, ba sai an je Turai ba. Mu ne kuma ke zuba mutum kusan ashirin da buhunan wake da tumaki a saman motar da ta riga ta gaji tun can. Wanda ya sayar da motar da ya san injinta na shan mai, ya ce wa mai saye "lafiyarta lau", bai da bakin zagin dillalin Burusel.

Duk da haka nauyin bai zo ɗaya ba, domin ba kowa ne ke riƙe da labarin ba. Kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17, kuma a Turai tarihinta yana ajiye a kwamfuta a ƙarƙashin wannan lamba. A Beljiyam ɗin nan, tun 2006 akwai wata takarda mai suna Car-Pass, wadda ke jera kilomitar da aka karanta a mitar motar a duk lokacin da ta shiga gareji ko bizit. Doka ta ce in za ka sayar wa mutumin da ba dillalin motoci ba ne, sai ka miƙa masa ita, in ba haka ba yana iya warware cinikin. Sun riga sun yarda ke nan cewa mai saye yana da haƙƙin sani. Takardar shafi ɗaya ce, ba ta kai nauyin katifar da ake cusawa a kujerar baya ba. Ni dai abin da nake so in ga duwan ɗinmu ta nema a bakin iyaka, kafin a yi maganar haraji, shi ne wannan shafin da kuma takardar bizit ta ƙarshe.