Murɗewar Wuya Jarrabawa Ce, Ku Daina Yi Musu Dariya

Ya 'yan'uwa Musulmi na ƙasar Zuru, mu ji tsoron Allah a kan bayinsa da ya jarraba da murɗewar wuya. Kun san su: kai ya juya gefe guda ya kafe, ko ya dinga fizga, mai shi ba ya iya hanawa. Likitoci sun ce saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa naman wuya ne ke rikicewa, sai naman ya ɗaure da kansa. Ciwon ya fi kama mata, galibi bayan shekara 30, kuma ba a ɗaukarsa a kwanon tuwo. Kada a haɗa shi da sanƙarau, wanda ke zuwa da zazzaɓi. Shi sanƙarau kam asibiti ake yi da shi nan take.

Matar da ta saba naɗa gammo ta ɗauko ruwa ko damin dawa, yau kai ya ƙi ɗaukar kaya. Ɗan acaba ya ajiye babur don ba ya iya waiwaye. Tsallaka titi ma sai an juya jiki gaba ɗaya. In kun ga mai ciwon ta ɗora yatsa a haɓa tana tafe, dabara ce, taɓawar kan sassauta murɗewar na ɗan lokaci. Mu kuwa sai mu ce yanga ce, ko iska, ko jifa, yara su laƙa mata suna, manya na murmushi. Suratul Hujurati ta hana izgili da munanan laƙubba, ko mun manta?

A masallaci ma, kada wani ya kama kan ɗan'uwansa wai zai miƙar masa. Annabi (SAW) ya halatta wa Imrana ɗan Husaini salla a zaune saboda ciwo. Juya kai dama wajen sallama mustahabbi ne a mazhabarmu ta Malikiyya, wanda bai iya ba sallarsa ta yi.

Akwai abin da ke rage ciwon: gashin ƙashi, da allurar da ake yi wa naman wuya kusan duk bayan wata 3, sai dai tana da tsada. Ƙasar da ta san noman golmo da gayya ba za ta gaza nome gonar mara lafiya ba. Ku ɗebo mata ruwa, ku haɗa kuɗin mota a kai ta wajen likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Allah ya ba su lafiya, ya ba mu ikon taimaka musu.