Baƙon Baƙo: Ina Iyakar Kara?

Bahaushe ya ce baƙonka Annabinka, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san nauyin wannan magana. Idan baƙo ya yi sallama ba a tambayarsa ranar komawa. Ruwa ake fara kawo masa, a share ɗaki, in da hali a yanka kaza. To, amma akwai wata tambaya da nake so mu duba a wannan fili: idan ɗan'uwa ya sauka wurin ɗalibin da ke karatu a Landan, wanda shi kansa baƙo ne a can, me ya wajaba a kan ɗalibin, me kuma ya wajaba a kan mai ziyarar?

Kafin a yanke hukunci sai a dubi bambancin wuraren biyu. A ƙasarmu baƙo na gida duka ne. Akwai zaure, akwai rumbu, akwai ƙannen da za a aika, maƙwabta ma sukan aiko da kwano. A Ingila kuwa ɗalibi ɗaki ɗaya yake haya, sau da yawa ma wurin girki da makewayi na tarayya ne da wasu. Dokar biza ta yarje wa ɗalibin jami'a aikin sa'a 20 kawai a mako lokacin da ake karatu, kuma da wannan ɗan aiki yake rufa wa kansa asiri. Ga kuma sha'anin canji: bayan da aka saki naira a 2023 darajarta ta faɗi, har fam ɗaya ya haura naira 2,000 a 2024. Saboda haka idan kawu ya ji abin da ake biyan ɗansa a sa'a ɗaya, sai ya buga lissafi da naira, ya ɗauka yaro ya yi arziki, alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A nan ne kara take shigowa. Yaro ba ya iya duban kawunsa ya ce, "Kawu, ba ni da hali." Sai ya bar darasi, ya ci bashi, ya biya kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa na mutum biyu, ya biya na shiga Hasumiyar Landan, sa'an nan a zarce kanti a sayi tsaraba. Kawu ya koma gida yana sa albarka, yana ba da labari, gobe kuma wani ya ɗaura niyya da zaton shi ma haka za a yi masa. Ni a ganina wannan kara ta zama ƙarya. Har shi baƙon ma an zalunce shi, domin an ciyar da shi da bashi bai sani ba, kuma babu uban kirki da zai yarda ɗansa ya faɗi jarrabawa saboda yawonsa.

Wani zai ce, to, ai sai ɗalibi ya rufe ƙofa ya huta. Ban yarda da wannan ba. Zumunta a ƙafa take, kuma wanda ya sha sanyi da kaɗaici na ƙasar Turai ya san darajar muryar ɗan'uwa da ƙullin yaji daga gida. Addininmu ma ya riga ya raba gardama: liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma an hana baƙo zaman da zai ƙuntata wa mai masaukinsa. Ashe haƙƙin ya hau kan kowa. Mai masauki ya faɗi gaskiyar halinsa cikin ladabi tun kafin a hau jirgi. Baƙo kuma ya sanar da zuwansa, ya yanka kwanakinsa, ya riƙe guzurinsa, ya tuna baƙo raɓa ne.

Shi kansa yawon buɗe ido bai zama dole ya ci kuɗi mai yawa ba. Gidan tarihi na British Museum, wanda aka buɗe a 1759, kyauta ake shiga, kuma a nan kawu zai ga kayan tagulla na Benin da sojojin Ingila suka kwaso a 1897. Ba da nisa ba akwai makarantar horon malamai ta Jami'ar Landan, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu daga 1945 zuwa 1946. Kallon canjin masu gadi a ƙofar Fadar Bakingham ma ba a biyan ko kwabo. Bayan wannan, ya kamata a nuna wa baƙo ɗakin karatun da ɗansa yake wuni, da wurin da yake aikin dare, domin gani ya kori ji, kuma wannan labari ne mutanen gida suka fi bukata.

Daga ƙarshe, jama'a, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ɗalibi ya ba da fuska da ɗan lokacin da yake da shi, baƙo ya karɓa da godiya, a rabu ba bashi ba ƙorafi. Allah ya ƙara mana zumunci, amin.