Alƙawarin Iska da Ma'anar Dogaro

Harshen Hausa bai yi wa iska kyakkyawar shaida ba. Mutum ya lalace, a ce ɗan iska ne. Dukiya ta salwanta, a ce ta bi iska. Mai kayan kara kuwa kowa ya san wahalar da yake sha a hannunta. Saboda haka idan aka gaya wa Bahaushe cewa akwai ƙasashen da suka jingina wutar lantarkinsu a kan iska, abin da zai fara zo masa a rai shi ne sun ba mara alƙawari ajiya. Zai ƙara samun hujja idan ya ga dogayen injunan nan masu fukafukai uku a jere bisa tudu, wasu na juyawa, wasu sun yi cirko-cirko kamar don ado aka kafa su. Tambayar da ke biyo baya ta wuce fagen injiniyoyi, domin tambaya ce a kan ma'anar dogaro kansa: shin hankali ya yarda a kira abin da yake zuwa yana ɗaukewa abin dogaro? Ra'ayina shi ne ya yarda, muddin an san ɗabi'ar abin kuma an yi wa ranar ɗaukewarsa tanadi. Nauyin wannan tanadi yana wuyan mutum, kuma a nan ne ya kamata a nemi mai laifi idan duhu ya zo.

Kafin a yanke wa injin hukunci, sai a san abin da ke tsayar da shi. Irin waɗannan injuna ba sa fara ba da wuta sai gudun iska ya kai kamar mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa guda. Suna kai ƙarshen ƙarfinsu a wajen mita 12 zuwa 15, kuma idan iskar ta haura kamar mita 25 a daƙiƙa, wato kilomita 90 a awa, da yawansu sukan karkata fukafukansu su tsaya da kansu don kada guguwa ta karya su. Ƙarfin da ke cikin iska kuma ba a hankali yake hawa ba: idan gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfinta ya ninka sau takwas, shi ya sa ɗan lafawar da mai tafiya a ƙasa ba zai lura da ita ba take iya zabge wutar da injin ke bayarwa. Tun wajen 1919 masanin nan na Jamus, Albert Betz, ya nuna da lissafi cewa babu injin da zai iya kwasar fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iskar da ta ratsa shi. Akwai kuma tsayuwar gyara da duba mai, da tsayuwa saboda ƙanƙara ta daskare a fukafukai a ƙasashen sanyi, da wadda ake yi da gangan a wasu wurare don kare jemagu da tsuntsaye. Duk waɗannan sanannu ne tun kafin a haƙa ramin kafa injin, kuma an sa su cikin lissafi.

Akwai wata tsayuwar da ta fi waɗannan koyar da darasi, wato wadda take faruwa iska na kaɗawa, injin kuma lafiyarsa ƙalau. A Birtaniya, iskar ta fi ƙarfi a Sikotland, masu shan wutar sun fi yawa a kudancin Ingila, layukan da ke tsakani kuma ba sa iya ɗaukar dukkan abin da ake samarwa a ranakun iska mai yawa. Sai a biya masu injuna su kashe, a kunna tashoshin gas a kudu. A Kenya, an kammala kafa injuna 365 masu ƙarfin megawat 310 a gefen Tafkin Turkana a 2017, amma layin da zai kai wutar ga babban layin ƙasa, mai tsawon fiye da kilomita 400, bai kammalu ba sai 2018. Fiye da shekara guda injunan suna tsaye a ɗaya daga cikin wuraren da suka fi iska a Afirka. A Lambar Rimi ta jihar Katsina ma, aikin injuna 37 na megawat 10 ya shafe fiye da shekara goma yana tafiyar hawainiya, kuma sace wani injiniya Bafaranshe da ke aikin a Disamban 2012 ya ƙara masa cikas. A duk waɗannan wurare uku iska ta cika nata alƙawarin; mutane ne suka makara.

Malaman tauhidi sun riga mu warware tushen wannan matsala da wata ƙa'ida da ɗaliban zaure suka sani. Imam Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, wanda aka daɗe ana karanta littafinsa Ummul Barahina a ƙasar Hausa, yana cikin waɗanda suka bayyana rabuwar hukunci gida uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne haɗa abu biyu saboda an ga suna zuwa tare a kai a kai, kamar wuta da ƙuna ko abinci da ƙoshi, tare da yarda cewa haɗin yana iya saɓawa, domin mai tasiri na haƙiƙa Allah ne. Idan aka ɗauki wannan ƙa'ida da gaske, to babu wani sababi a cikin halitta da ba ya iya yankewa. Kogi yana ƙafewa, rijiya tana janyewa, lafiyayye yana kwanciya. Wanda ya ce ba zai kira abu abin dogaro ba sai wanda ba ya taɓa ɗaukewa, to ya nemi siffar Mahalicci a jikin abin halitta, kuma ba zai same ta a iska ba, ba zai same ta a gas ko ruwa ba. Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne dogaro irin na al'ada: ya karanci yadda abu ya saba gudana, ya auna iyakarsa, ya shirya wa saɓawarsa.

Manomin ƙasar Hausa ya fi kowa sanin wannan, ko da bai taɓa ganin injin iska ba. Ruwan sama yana zuwa masa wata huɗu ko biyar, ya ɗauke sauran shekara, wani lokaci ma ya yi fashi a tsakiyar damina. Duk da haka a kan wannan ruwa aka gina Kano da Katsina da Damagaram, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce a daina shuka gero domin ba a ruwa a watan bazara ba. Abin da ya mayar da damina abin dogaro shi ne rumbu, da fadama, da fatauci tsakanin garin da ya samu da garin da ya rasa. Shawarar da Annabi Yusuf (AS) ya ba Masar ma ke nan: a adana amfanin shekarun yalwa a zangarniyarsa saboda shekarun fari. Ƙasar Denmak ta bi wannan hanya da wayoyin lantarki. Fiye da rabin wutarta daga iska take samu, amma tana cikin ƙasashen da ba a cika ɗauke wuta ba a duniya, domin ta haɗa layinta da na maƙwabtanta. Ranar iska ta sayar wa Norwe, Norwe ta rage sakin ruwan madatsunta. Ranar da iska ta kwanta, a saki ruwan a maido mata. Madatsun Norwe sun zama rumbun Denmak.

Mai suka zai ce kwatancen ya yi sauƙi da yawa, kuma yana da gaskiya a wani ɓangare. Hatsi yana shekara a rumbun laka ba tare da an kashe kuɗi ba, wutar lantarki kuwa dole a sha ta a daidai lokacin da aka samar da ita, ko a mayar da ita wani abu da tsada. Manyan batura na yau awoyi kaɗan suke riƙewa, alhali a lokacin sanyi Jamus takan shiga kwanaki a jere babu iska babu rana, kamar yadda ya faru a Nuwamba da Disamban 2024, har farashin wuta ya yi tashin gwauron zabo. Ba kowace ƙasa ce kuma take da maƙwabciya mai madatsun ruwa ba. Wannan suka ta tabbatar da cewa iska ita kaɗai ba ta riƙe ƙasa, kuma duk wanda ya faɗi arahar wutar iska bai haɗa da kuɗin layuka da ajiya da tashoshin ko-ta-kwana ba, rabin gaskiya ya faɗa. Amma ba ta rushe ƙa'idar ba, sai ma ƙarfafa ta da ta yi, domin ta nuna girman rumbun da ake bukata da farashinsa. Ko a waɗancan makonni fitilun Jamus ba su mutu ba, saboda an hango kwanciyar iskar tun kafin ta zo, aka tayar da wasu tashoshi, aka sayo wuta daga maƙwabta.

Wani zai ce ai tashar gas ta fi, tunda ita baiwa ce da ake umarta, iska kuwa ba ta karɓar umarnin kowa. Annabi Sulaimanu (AS) aka hore wa ita, ba ma'aikatar lantarki ba. Wannan bambanci na gaske ne, kuma shi ya sa tashar da ake kunnawa a ga dama take da darajar da injin iska ba shi da ita. Sai dai biyayyar gas ma hukuncin al'ada ce. A Fabrairun 2021 sanyi mai tsanani ya afka wa jihar Texas ta Amurka, miliyoyin mutane suka kwana cikin duhu, fiye da 200 suka rasu. An yi saurin nuna injunan iskar da suka daskare, amma binciken hukumomin tarayya ya gano cewa mafi girman kason wutar da aka rasa daga tashoshin gas ne, waɗanda ba a shirya su da bututunsu don irin wannan sanyi ba. Nijeriya ma shaida ce: mafi yawan wutarta daga gas take, amma tashoshi sukan zauna shiru don gas bai iso ba ko layi ya gaza. Haɗarin abin da ake ganin ba ya saɓawa shi ne ba a yi masa tanadi. Iska kuwa tun ranar farko ta faɗi halinta, ba ta yaudari kowa ba.

Saura suka ta ɓangaren addini, wadda take cewa yawan lissafi da hasashen iskar gobe kutse ne cikin gaibu, ko raunin tawakkali. Hasashen yanayi karanta alamu ne, irin yadda makiyayi ke kallon hadarin gabas ya kora dabbobinsa gida, kuma yana kuskure kamar yadda kowane hukuncin al'ada ke kuskure. Tawakkali kuwa, hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da mutumin da ya yi tambaya a kan raƙumarsa ya nuna tsarinsa: ɗauri tukuna, sannan dogara ga Allah. Abin da ya fi cancantar a ji tsoronsa shi ne amfani da ƙaddara a rufe sakaci. Idan injin ya tsaya don iska ta kwanta, wannan hukuncin Allah ne, kuma abin tambaya shi ne ina rumbun. Idan ya tsaya don guguwa, hikimar maƙerinsa ce ta cece shi. Idan kuwa ya tsaya iska na busawa, don ba a ja layi ba, ko ba a sayo kayan gyara ba, ko kuɗin aikin ya bi wata hanya, to akwai mai sunan da ya kamata a kira, kuma ɗora wa iska laifinsa zalunci ne a kan waɗanda aka bari cikin duhu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda bai fafe ba ba shi da bakin zargin rijiya.