Inji Ya Buga: Ƙaddara Ce ko Sakaci?

Daga watan Afrilu zuwa Mayu, kafin saukar ruwan fari, zafi a garin Sarkin Yamma yakan wuce digiri 40 ko a inuwa. Lokacin ne injuna ke mutuwa. Injin ban-ruwa a fadamar Gulbin Maraɗi ya yi tari ya tsaya, babur ɗin ɗan kabu-kabu ya ƙi tashi a hanyar birni, injin niƙa ya yi shiru mata na tsaye da gero a kwano. Da an ce inji ya buga, kowa ya san maganar da za ta biyo baya: “Ƙaddara ce, Allah Ya mayar da alheri.” Addu'ar ba ta da aibi. Kashin farko na maganar ne ke bukatar a zauna a kansa, domin sau da yawa da shi ake toshe bakin mai tambayar yaushe rabon injin da juye.

Akwai wani inji da ke fito da wannan tambaya fili, ko da yake da wuya a gan shi a tashar Maraɗi ko ta Madarumfa. Shi ne injin rotari, ƙirar Bajamushe Felix Wankel, wanda aka fara tayarwa a kamfanin NSU a 1957. Ba shi da fistin mai hawa da sauka. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa cikin ɗaki mai siffar kwanson gyaɗa 'yar ƙwaya biyu, kowace fuskarsa tana jan mai da iska, ta matse, ta ƙone, ta tura hayaƙi waje. Ƙarami ne, mai gudun tsiya. Da shi kamfanin Mazda na Jafan ya ƙera motocin RX-7 daga 1978, da RX-8 daga 2003 zuwa 2012.

Rauninsa zafi. Ruwan lagireto yana zagaya bangon ɗakin, amma ba ya isa cikin ƙarfen da ke juyawa. Baƙin mai ne kawai ke shiga can ya kwaso zafi, har masu gyara na ƙiyasta rabonsa da kusan sulusin aikin sanyaya injin. Ga shi kuma injin yana shan ɗan baƙin mai da gangan, domin wani ƙaramin famfo na ɗiga shi cikin ɗakin wuta don shafe ƙarafan da ke bakin kusurwoyi. Shi ya sa waɗannan motoci ke fitowa daga masana'anta da lagireto na biyu, na baƙin mai zalla, wasu samfuran ma guda biyu ake sa musu. Mai irin wannan mota a ƙasar zafi, ko mai shiga tsere da ita, dole wata rana ya zauna ya yi shawarar ko ya sauya nasa da wanda ya fi ƙarfi.

A nan almajirin da ya yi tauhidi a zaure yana iya ɗaga hannu. Ya karanta a littattafan Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, cewa wuta ba ta ƙonewa da ikon kanta, wuƙa ba ta yanka da ikon kanta, Allah ne ke halittar ƙuna da yanka yayin haɗuwarsu da abu. To, in haka ne, ai zafi ba ya narka ƙarfe, lagireto kuma ba ya sanyaya mai. Me zai sa a kashe kuɗi?

Amsar tana cikin karatun da ya ɗauko tambayar. Malaman tauhidi ba su tsaya ga kore iko daga wuta ba. Sun kira haɗuwar wuta da ƙuna hukuncin al'ada, wato tsarin da Allah Ya saba gudanar da halittarSa a kai, wanda ake ganewa ta maimaituwa. Allah na da ikon saɓa shi, kamar yadda Ya yi wa Annabi Ibrahim, amma bawa ba shi da hurumin gina lamarinsa a kan jiran mu'ujiza. Cewa baƙin mai yana tsinkewa in ya yi zafi da yawa, ya kasa raba ƙarfe da ƙarfe, yana cikin wannan al'ada. Sanin ta kuwa ba ya rage wa mutum imani.

Magabata haka suka fahimta. A hijira ta 622 Annabi (SAW) ya ɗauki ɗan jagora na haya, ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru, a Uhudu kuma sulke biyu ya sa. Lokacin annobar Amwas, wajen 639, Sayyadina Umar ya kai Sargu a hanyar Sham, ya ji labarin cutar, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddara take, ya kawo misalin makiyayi a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ikon Allah ya kai su, amma mai hankali ya san gefen da zai nufa.

Tarihin rotari ma ya nuna gefen biyu. NSU ta fitar da motar Ro 80 a 1967 kafin ta shawo kan cinyewar ƙarafan kusurwa. Injuna suka riƙa mutuwa tun ba su yi nisa ba, kuɗin sauya wa masu saye ya karya kamfanin, Volkswagen ta haɗiye shi a 1969. Mazda ta ci karo da matsala irin wannan, sai ta tara injiniyoyi 47 ƙarƙashin Kenichi Yamamoto, suka yi shekaru suna gwaji. A 1991 motarta 787B ta yi awa 24 tana gudu a Le Mans ta Faransa, ta zama motar Jafan ta farko da ta ci wannan tsere.

Sai dai riƙon sababi ba tara kaya ba ne. Gwanin rotari ba ya farawa da saye, da awo yake farawa. Yakan sa agogon zafin mai, ya ga inda allura ke kaiwa a hawa da cikin cunkoso. Yakan duba ko iska na ratsa lagireton ko tana kauce masa, domin babba a lungun da iska ba ta kai bai fi ƙarami a bakin iska ba. Yakan duba faɗin tiyo, don matsattse yana rage ƙarfin tafiyar mai, kuma kowane sabon mahaɗi sabuwar kafar yoyo ce. Uwa uba, ba ya sa babba ba tare da tamostat ba, saboda mai da ya yi sanyi fiye da kima yana kauri, ba ya saurin kai wa inda ake bukatarsa, danshin da ke cikinsa kuma ba ya fita.

Wannan kuskure na rashin tamostat ya fi kusa da mu. A garejin Maraɗi, da Katsina, da Kano, an saba cire tamostat daga motar da ta zo daga Turai, a ɗaure fanka ta yi ta juyawa tun daga tayarwa, wai na ƙasar sanyi ne. Mai motar ya tafi hankali kwance, ya yi rigakafi. Da asubahin hunturu kuwa injin ba ya kai zafin aikinsa da wuri, yana ƙara shan mai, yana cin kansa a hankali. Sababin da aka riƙa ba da sani ba ɗan'uwan sakaci ne.

Mai injin niƙa na ƙauye da ya san aikinsa ya fi wannan dacewa. Gefen injinsa akwai gangar ruwa da tiyo biyu, na sama na kawo mai zafi, na ƙasa na mayar da mai sanyi. Kafin ya ja hannun tayarwa sai ya zare geji, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarewa, ya murza man tsakanin yatsu biyu. In rana ta take ya taɓa cikin gangar da bayan hannu, ya ce wa yaronsa, “Kai, ƙaro jarka ɗaya.” In layi ya yi tsawo ya ce, “Inna, a yi haƙuri ya ɗan huce.” Bismillarsa da gejinsa ba su taɓa faɗa da juna ba.

Fiƙihun da ake karantarwa a wannan yanki ma bai bar ƙofa a buɗe ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risalar Ibn Abi Zaid, mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su wurin aikinsa shi ke da lamuninsu in sun salwanta. Hadisi kuma ya yi hani ga tozarta dukiya. Da kalmar ƙaddara na wanke kowa, da ba a kafa waɗannan hukunce-hukunce ba.

Ƙaddara tana nan da gurbinta. Mutum na iya yin juye a kan kari, ya wanke ƙurar hunturu daga lagireto, ya sayi mai na gaskiya, dutse ya tashi a hanyar Ɗan Isa ya fasa tiyo, man ya tsiyaye kafin ya ankara. Wannan shi ya cancanci jaje, kuma imaninsa ne zai hana shi cin kansa da da-na-sani. Wanda kuwa ya ga allura ta hau ja ya ci gaba da taka totur, ko ya zuba man kwalba da bai san asalinsa ba, a yi masa addu'ar mayar da alheri, sannan a gaya masa gaskiya: sakaci ya yi, kuma in injin na wani ne, biya ya hau kansa.